Ƙarar Makullai a Falona

Litinin, 6 ga Oktoba

Na gaji tun ba a fara ba. Shugaban sashenmu ya tare ni a matakala da safe. Tun-Jiya muke kiransa a bayan idonsa, don duk abin da ya nema sai ya ce tun jiya ya kamata a ce yana kan teburinsa. Wai ni zan gabatar da takarda a taron malamai ranar ashirin da ɗaya, a kan buɗewar fim ɗin nan na gidan yari da muke koyar da 'yan aji biyu da shi. Kyamara, haske, sauti. Minti huɗu ne kacal, in ji shi, ai ko a tsaye zan rubuta. Na ce to. Shekara goma sha shida ina koyar da nazarin fim, har yau ban iya cewa a'a a kan matakala ba.

Kuma duk fina-finan duniya a rasa wanda za a ba ni sai na gidan yari. Ba laifinsa ba ne, ba wanda na taɓa gaya wa a wurin aiki. Amma na ji haushinsa har na iso gida.

Yau kwanan Yaya goma sha tara a gidan nan. Shekara bakwai ya yi a ɗaure, tun faɗan nan na gareji da ya buga wa mutum sifana a ka, mutumin bai tashi ba. Tunda ba mai karanta littafin nan sai ni, bari in rubuta ƙarara: a shekara bakwai ɗin nan ban je ganinsa ba ko sau ɗaya. Maigida ne yake zuwa, ni sai dai in haɗa sabulu da man shafawa in ba shi ya kai. Da farko fushi nake yi. Daga baya kunya. Daga baya kuma abin ya yi nisa har ban san da wace fuska zan shiga ba. Umma kafin ta rasu ta riƙe hannuna ta ce in ya fito kar in bar shi ya watse, ni kaɗai na rage masa. Nan ma to na ce.

Ga shi nan a ɗakin da ke jikin falo. Muna gaisawa safe da yamma kamar maƙwabta. Ina tsoron wata rana in dawo in tarar ya tattara ya tafi, kuma ban san abin da zan ce masa ya zauna ba.

Talata, 7 ga Oktoba

Ba a iya aiki a ofis. Mu uku ne a ciki, ɗaya tana waya da 'yar'uwarta tun safe a kan labule, ɗayan kuma ɗalibai sun yi masa layi. Na kwaso kwamfuta na dawo gida na baje a teburin falo. Nan zan riƙa yi kullum daga ƙarfe biyu zuwa biyar, kafin Maigida ya taso daga kantin magani.

Yadda nake koya wa ɗalibai haka zan yi. Kallo uku. Na farko a kashe sauti, ido kaɗai. Na biyu a rufe fuskar kwamfuta da tawul, kunne kaɗai. Na uku a haɗa. Suna yi mini dariya a kan tawul ɗin, na sani, har Malama Tawul na ji wata ta ce. Su yi ta yi. Kullum ina gaya musu rabin fim a kunne yake, ba sa ji.

Yau ido. Ɗauka goma sha huɗu na ƙirga, wato sau goma sha huɗu kyamara ta sauya wuri a minti huɗu da sakan goma sha ɗaya. Ana farawa da baƙi ƙirin. Sai kyamara a ƙasa, daidai idon sawu, tana bin takalman gandiroba a wani dogon lungu, a bayansa ƙafafun sabon fursuna cikin silifas, ɗaya ya tsinke an ɗaure da waya. Ba a nuna fuskar kowa ba sai a ɗauka ta tara, lokacin da aka tura shi ɗaki aka rufe. Minti biyu cur kana kallon ƙafafu da hannaye da tarin makullai a ƙugu. Mai ɗaukar nan ya san aikinsa, ba zan hana shi ba.

Na juya kwamfutar ta ba ƙofar Yaya baya, don ko ya fito kar idonsa ya faɗa kan hoton. Ko ba komai ina da wannan hankalin.

Laraba, 8 ga Oktoba

Ciwon kai. Ban buɗe komai ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Haske yau. Ƙwan fitila ɗaya ne a lungun, an rataye shi can sama, shi ya sa inuwar sandunan ƙofa take faɗowa ƙasa tun ba a ga ƙofar kanta ba. Fursunan yana taka inuwar ɗaya bayan ɗaya. A cikin ɗakin kuma hasken ta wata 'yar taga yake shigowa daga hagu, ya raba fuskarsa biyu, rabi a fili rabi a duhu. Na cika shafi guda a kan wannan rabin fuskar, na karanta, na ji kamar na taɓa rubuta shi sau goma a kan wasu fina-finan. Wataƙila ma na taɓa.

Yaya ya fito shan ruwa. Ya tsaya gaban firji ya ce, "Auta, in buɗe?" Shekararsa hamsin da ɗaya. Shi ya koya mini hawa keke, shi ya raka ni makaranta ranar farko, yau yana neman izinina a kan ruwan sanyi. Na ce haba Yaya, ai gidanka ne. Muryata ta fita da ƙarfi fiye da yadda na so, sai ya zama faɗa na yi masa. Ya sha a tsaye, ya wanke kofin, ya goge, ya mayar daidai inda ya ɗauka.

Bai kalli wajen kwamfutar ba. Na ji daɗin dabarata.

Asabar, 11 ga Oktoba

Kunne. Na nemi abin sauraren da nake sawa a kunne sama da ƙasa, sai na tuna 'yar gidan nan ta tafi da shi makarantar kwana, haɗe da cajata da ƙaramin madubina. Allah ya shirya. Na jona 'yar lasifikar falo, na lulluɓe kwamfutar da tawul.

Kai, sautin nan! Ashe a cikin baƙin nan na farko, kafin hoto ya fito, akwai sakan tara da ba komai sai makullai. Suna kaɗawa daga nesa, suna matsowa, a zura ɗaya, a murɗa sau biyu, a ja sakata, sai ƙofar ƙarfe ta bugu. Bayan nan shiru, sai ɗigon ruwa can wani wuri. Nan takardata take. Duk abin da fim ɗin zai faɗa a awa biyu ya faɗe shi a sakan taran nan, tun mai kallo bai ga komai ba.

Na sa wurin ya riƙa maimaita kansa, ina ƙirga tazarar da ke tsakanin murɗawa ta biyu da jan sakata. Sai da na ƙara murya sosai kafin na ji akwai wani numfashi a ƙarƙashi. Ban san sau nawa na saurara ba, arba'in zai yi. Rabon da aiki ya yi mini daɗi haka har na manta.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Yaya bai ci abincin rana ba, jiya ma da yamma tsakura kawai ya yi. Ya ce cikinsa ne. Maigida ya ba shi magani, ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ɗazu na ga ƙwayoyin a kan taga ba a taɓa ba.

Maigida ya same ni a kicin, wai Malama ki ɗan riƙa zama da shi mana, ko hira ce. Na ce hirar me? In tambaye shi yaya ya baro can? Ya ce in tambaye shi ko ma mene ne, shi dai ya ji an tambaye shi. Shi komai a wurinsa kamar bayar da maganin tari ne. Ya je, ya zauna a bencin masu ziyara shekara bakwai, yana da bakin magana. Ni ba ni da shi.

Litinin, 13 ga Oktoba

Aji biyu da safe, rabinsu barci suke. Da rana makullai.

Na gano bugun ƙofar ba ƙara ɗaya ba ce, uku aka ɗora a kan juna: ƙarfe, da wani abu mai nauyi irin a yar da buhu, da amsa-kuwwa da aka ja ta yi tsawo. Shi ya sa take dukan ƙirji. Sai da na yi ta mayarwa kafin na rarrabe su.

Wajen ƙarfe huɗu na ɗaga kai na ga Yaya a tsaye a bakin ƙofarsa, rigarsa ta jiƙe da gumi, alhali fanka tana juyawa. Na ce lafiya? Ya ce lafiya lau. Na duba, tawul yana nan a rufe, ba abin da ya gani. Ya daɗe yana kallona. Ban san me ke cikin kallon ba, na dai san na cancance shi. Na sunkuyar da kai na ci gaba da aikina. To me zan yi?

Talata, 14 ga Oktoba

Makullai. Shafi uku. Bayana ya riƙe.

Laraba, 15 ga Oktoba

Abin da nake tsoro ya zo. Maigida ya ce Yaya ya same shi da maganar tsohon ubangidansa na gareji, wanda ya koya masa gyaran mota. Wai akwai ɗaki a bayan garejin, tsohon ya ce ya zo ya zauna ya riƙa taya shi aiki. Alhamis ta sama yake so ya koma. Kwana takwas.

Ban san lokacin da na fara faɗa ba. Na ce me aka yi masa? Ɗaki na ba shi, katifa sabuwa, abinci sau uku, ko tsinke ban ce ya ɗauke ba. Kuma ni ba zai iya gaya mini ba, sai ya bi ta wajenka? Maigida ya bari na gama, ya ce shi ma ya tambaye shi dalili, abin da ya ce kawai shi ne gidan yana yi masa nauyi da rana. Da rana kuwa ni kaɗai ce a gidan. An gaya mini ke nan, ba sai an kira suna ba.

Na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska. Raina ya ɓaci da shi, ya ɓaci da Umma da ta ɗora mini abin da ta san ba zan iya ba, ya fi ɓaci da ni kaina. Idan ya fita daga gidan nan a haka, na san mu. Ba zai dawo ba, ni kuma ba zan je ba. Na riga na gwada kaina a wannan fannin.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Mun haɗu a baranda da safe yana shanya rigarsa. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne akwai shayi a filas. Ya ce an gode.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Wannan kam sai na rubuta shi.

Da rana na kunna wurin makullan, ina so in tabbatar sakan nawa ne shirun da ke bayan bugun ƙofar. Na bar shi yana maimaita kansa na tashi in ɗebo ruwa. Hanyar kicin ta gaban ɗakin Yaya take, shi kuwa ba ya rufe ƙofarsa duka, kullum a ɗan buɗe. Ban yi niyyar leƙe ba.

Yana zaune a bakin katifa. Makullan suka fara kaɗawa daga falo. Sai ya miƙe tsam, ya zo gefen ƙofa ya tsaya, ya haɗe ƙafafu, hannaye a baya, kai a ƙasa. Aka murɗa, aka ja sakata, ƙofa ta bugu. Ya ɗan jira. Ya koma ya zauna. Bai gama zama ba makullan suka sake tasowa, ya sake miƙewa.

Sau uku na gani, ina tsaye da kofi a hannu na kasa motsi. Sannan na ruga na fizge wayar lasifikar, har kwamfutar ta kusa faɗowa.

Tun Asabar. Awa uku-uku. Ni da nake ta yaba wa kaina, na juya masa hoto, na lulluɓe da tawul. Ni da nake tsayawa gaban aji ina cika baki a kan kunne. Hoto kawai na yi tunani, ƙara kuwa na ƙure masa ita ta cikin bango, ina zaune ina ƙirga sakan da biro.

Na koma bakin ƙofarsa. Yana nan tsaye, yana jiran bugun da bai zo ba. Na ce Yaya, fim ne, fim ne nake aiki a kai.

Ya ce, "Na sani, Auta. Tun ranar farko na sani. Ƙafafun ne ba su sani ba."

Na ce to me ya hana shi fitowa ya ce in kashe, ko ya ɗauki lasifikar ya buga da ƙasa? Ya ce aikina ne, ya ga ina ta rubutu. Ya ce kuma a can ba a cewa a rage ƙara, mutum ya saba.

Ban ba shi haƙuri ba. Wallahi na so. Na tsaya, ya tsaya, sai shi ne ma ya ce in je in sha ruwana.

Asabar, 18 ga Oktoba

Ban kunna komai ba. Yaya ya ci abinci, har ya ƙara.

Na gaya wa Maigida. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Da faɗa ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Na tambaye shi ko yanzu Yaya zai fasa tafiya tunda an gano. Ya ce in tambaye shi da kaina, ɗakinsa taku huɗu ne daga nan.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Takarda jibi, ba ni da ƙarshe. Da hantsi na buɗe kwamfutar, sauti a kashe, lasifikar ma na kai ta ɗakinmu na tura ƙarƙashin gado. Sai ga Yaya ya fito, ya ja kujera ya zauna gefena, ba kusa sosai ba. Ya ce in nuna masa abin da ya hana shi sakat mako guda, ya ga ko ya kai. Da wasa ya faɗa. Rabon da in ji ya yi wasa tun kafin a kama shi.

Muka kalla shiru, minti huɗu. Na yi ta satar kallonsa. Bai motsa ba.

Da ya ƙare ya ce silifas ɗin nan gaskiya ne, wanda ya sa shi ya san wani abu. Hasken kuwa ƙarya ne. Wai wa zai ba ka duhu mai kyau haka? Fitila ba a kashe ta, fara fat, har mutum ya riƙa ɗaura riga a ido kafin ya runtsa. Na ce to shirun fa, bayan an rufe ƙofa, da ɗigon ruwa? Ya yi dariya har da tari. Ya ce mutum talatin a ɗaki, wani na tari, wani na waƙa, wasu na rigima a kan wurin kwanciya, ina ruwa zai samu damar ɗiga a ji shi? Shiru ai sai a gidan nan ya same shi, kuma har yanzu bai iya zama da shi ba.

Shafi huɗu na rubuta a kan wannan shirun. Na ce yana nuna kaɗaici.

Ya ce in mayar baya. Na mayar. Ya riƙa nunawa da yatsa, bai taɓa gilashin ba: nan, da nan, da nan. Duk inda aka nuna mutumin a cikin ɗaki, ta tsakanin sanduna ake hango shi. Ya ce, "Mai kyamarar nan bai shiga ba. A waje ya tsaya."

Na ƙirga a gabansa. Ɗauka biyar ce bayan an rufe ƙofa, duka biyar daga lungu aka yi su. Shekara nawa ina koyar da wurin nan, ban taɓa lura ba. Ina can ina fama da rabin fuska.

Ban san yadda aka yi ba, idona a kan kwamfuta, na ce, "Yaya, ban zo ba."

Ya ce, "Na sani, ai ina can."

Na ce ba ni da hujja. Ya ce bai tambaye ni hujja ba. Wai shekara biyun farko duk ranar ziyara yana wanke rigarsa tun ana gobe, ya yi aski, ya zauna yana sauraren a kira shi a ce mutum biyu ne suka zo. Daga baya ya daina jira, kuma da ya daina sai ya fi samun sauƙi. Ba da zafi ya faɗa ba, ka ce labarin wani yake ba ni. Sabulun dai yana isowa, in ji shi, kuma ya san ni ke zaɓa, don Maigida ba zai san irin wanda yake so ba.

Na yi kuka a gabansa, mummunan kuka, har da majina. Ya rasa abin da zai ba ni, ya miƙo mini tawul ɗin kwamfuta.

Na ce ya zauna, kar ya tafi, ba zan ƙara kunna abin ba. Ya ce ba don makullan kaɗai ba ne. A nan komai yi masa ake yi, a kawo yana zaune, a ɗauke yana zaune, shi kuma ya kasa daina jiran a ce masa tashi. Yana so ya ga ko hannunsa ya tuna aiki. Yana so ya buɗe ƙofarsa ya rufe lokacin da ya ga dama, ba tare da ya tambayi kowa ba. Na gaya masa alkawarin da na yi wa Umma. Ya ce kar ya watse ta ce, garejin kuwa bas biyu ne daga nan.

Ban yarda ba. Ban kuma hana ba.

Litinin, 20 ga Oktoba

Na yage shafi huɗu, na rubuta biyu. Idona yana yaji.

Talata, 21 ga Oktoba

An yi an gama. Mutum goma sha ɗaya suka zo, biyu suna duba waya. Na nuna ƙafafu, na nuna inuwar sanduna, na kunna makullan sau ɗaya tak, ƙasa-ƙasa. Na ƙare da ɗauka biyar ɗin nan. Na ce fim ɗin yana tausayin fursunansa, amma daga lungu yake tausayin, daidai inda gandiroba yake tsayawa, kuma shirun da kyakkyawan duhun don mu masu kallo aka yi su.

Tun-Jiya ya ce wannan batu na wurin tsayuwar kyamara sabo ne a wurinsa, a wane littafi na samo? Na ce ba littafi ba ne, yayana ne ya nuna mini, shekara bakwai ya yi a ciki. Masu duba waya suka ɗago kai. Mai wayar labule ta saki baki. Tun-Jiya ya gyara takardun gabansa, ya ce to madalla, a ba shi kwafi idan na samu lokaci.

An ce ana jin sauƙi in an faɗi irin wannan. Ni gajiya kawai na ji. Na dawo na kwanta da takalmina.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Ya tafi. Jaka ɗaya. Maigida ya kai shi a mota kafin ya buɗe kanti. Ina da aji ƙarfe takwas, shi ne dalilin da na bayar na ƙin bin su. Ya ninke bargon ya ajiye a kan katifa, kusurwa huɗu daidai. A bakin ƙofa ya ce Auta a yi ta haƙuri da mu. Na ce Allah ya tsare. Iyakar abin da na iya ke nan.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Na dafa shinkafar mutum uku. Mantuwa.

Asabar, 25 ga Oktoba

Ba wani abu. Na fita neman abin kunne, tunda yarinyar nan ba dawo da nawa za ta yi ba, kuma shagunan kayan waya ta wajen can suke. Ba daidai wajen ba, amma ba nisa. Bas na biyun ya cika har ƙofa, wata ta taka mini ƙafa ko waiwayowa ba ta yi ba.

Na yi minti goma a tsallaken titi ina kallon garejin. Sau biyu na juya zan tafi. Tsoro nake ji, tsoro sosai, ban san na mene ne ba. Sai tsohon ubangidan nasa ya hango ni ya ɗaga hannu, ba halin gudu.

Yaya yana sunkuye a kan injin wata tsohuwar mota, baƙin mai har gwiwar hannu. Ya ɗago ya gan ni, ya goge wani benci da tsumma ya ce in zauna. Wurin ƙara ba a magana, guduma, inji, rediyo, shi kuwa ko a jikinsa. Ya nuna mini ɗakin. Ƙarami ne, yana warin fenti. Na ce zanin gadon nan bai yi ba, ya ce to Malama.

Awa biyu na yi a bencin. Ba wata hira muka yi ba. Ya ce miƙo mini wancan, na miƙa wanda ba shi ba, ya yi dariya. Ya kawo mini lemo mai ɗumi, na sha.

Da zan tafi ya rako ni bakin titi. Ya tambaya, idonsa a kan motoci, ko hanya ce ta biyo da ni. Na ce eh, hanya ce. Ya gyaɗa kai. Bas ya tsaya, na sa ƙafa ɗaya, sai na ji bakina yana cewa Asabar mai zuwa ma ina jin hanya za ta biyo da ni. Ya ce ƙarfe nawa? Na ce sha ɗaya. Sai da direba ya fara danna ham, sannan ya ce, "To, zan jira."

Abin kunnen ban sayo ba, shagunan ma ban bi ta kansu ba. Na dawo na rubuta Asabar, sha ɗaya, a kalandar kicin da jan biro, inda Maigida zai gani ya tuna mini. Ko da yake ba na jin sai an tuna mini.